Leigh Matthews da kuskuren ƙungiyoyin da ke neman irinsa

A ƙwallon Ostiraliya, inda mutum 18 ke karawa da 18 a fili mai siffar ƙwai, cin tsakiyar sanduna maki 6 ne, na gefe maki 1, da wuya a samu wanda ya kai Leigh Matthews. Daga 1969 zuwa 1985 ya buga wa ƙungiyar Hawthorn wasa 332, ya ci ƙwallo 915, ya ɗauki kofi sau huɗu. Tsawonsa santimita 178 kacal, amma ya taɓa karya sandar gefe da jikinsa a 1982. Ƙarfin nan yana da tabo: a 1985 ya karya muƙamuƙin Neville Bruns na Geelong har magana ta kai kotu, kuma bai kamata a riƙa ɓoye wannan ba.

Da ya rataye takalmi, sai ya karɓi ƙungiyar Collingwood a matsayin koci a 1986, kusan ba tare da ya koyi aikin a ƙarƙashin kowa ba. Sai a kakarsa ta biyar ya ci kofin 1990, wanda ya kawo ƙarshen jiran shekara 32. Brisbane Lions kuwa ita ce ta ƙarshe a teburin gasar a 1998. Ya karɓe ta a 1999, ya ci kofi a 2001, 2002 da 2003.

A ganina wannan tarihin ya ruɗi ƙungiyoyi. Sun ɗauka gwanin fili gwanin benci ne. Alhali gwani yakan yi abu ba tare da ya san yadda zai koyar da shi ba, ga kuma aikin sayen 'yan wasa, da sauya su cikin wasa, da kula da likitoci da mataimaka. Matthews ya samu lokaci, sannan a Brisbane ya tarar da Michael Voss, Simon Black, Jason Akermanis da Nigel Lappin a tsakiya.

Dubi Voss ɗin. Kyaftin ne na kofuna uku, aka miƙa masa kujerar Matthews a 2009 bai taɓa zama mataimakin koci a gasar ba. Kakar farko ta yi kyau, sai zumuɗi ya sa aka sayo Brendan Fevola daga Carlton, aka ɓata wa tsofaffin 'yan wasa rai, Fevola bai wuce kaka ɗaya ba. A 2013 aka sallami Voss. Sai da ya yi shekaru yana mataimaki a Port Adelaide kafin Carlton ta ba shi ragama a ƙarshen 2021.