Regiletar fankar silin ba ta aiki a kan fankar sola

Mutane da yawa suna zaton regiletar fankar silin za ta iya rage gudun ƙaramar fanka mai bolt 12, irin wadda ake jonawa a batirin sola. Ba haka ba ne. An ƙera regiletar ne don wutar AC ta gida mai bolt 230, ita kuwa wannan fanka wutar DC, irin ta batir, take ci. Ko dai ta ƙi motsi gaba ɗaya, ko ta ci gaba da gudunta kamar ba a taɓa ta ba.

Wasu kuma sai su ciro bolum ɗin tsohuwar rediyo su haɗa. Da farko gudun ya ragu, har mutum ya ji daɗi. Bayan 'yan mintuna sai ka ji ƙauri, bolum ɗin ya yi zafi yatsa ba ya iya taɓa shi, domin wutar da ya tare zafi take komawa, shi kuma da kyar yake jure kwatan wat ɗaya.

Abin da ya dace shi ne ƙaramin allon PWM, wato 'yar na'urar lantarki mai daidaita gudun fanka. Yana kunna wutar yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, saboda haka ba ya ɓarnar batir. Amma in ka murɗa shi ƙasa sosai, fankar za ta yi ta gunji ba ta juya ba.