Sankarar bakin mahaifa: toshe ƙofa ɗaya ba ya hana ɓarawo shiga

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum sai ta samu saƙo kafin ta rabu biyu. Sinadaran girma ne ke kawo saƙon, su sauka a mashigar da ke jikin bangon ƙwayar kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙwayar cutar HPV, musamman nau'i na 16 da na 18 da ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, ta ƙware wajen murɗe wannan tsari. Furotin ɗinta E5 yana hana a share wata mashigar sinadaran girma mai suna EGFR bayan ta gama aiki, sai ta yi ta karɓar umarnin girma dare da rana. Furotin ɗinta E6 da E7 kuma su lalata birkin da ke taka wa rabuwar ƙwayar halitta, wato furotin p53 da Rb, su kuma ƙara yawan VEGF, sinadarin da ke janyo sabbin jijiyoyin jini su ciyar da ƙarin sankarar.

Masu bincike sun ce to a toshe waɗannan hanyoyi mana. An gwada maganin cetuximab a kan EGFR, amma bai taka rawar da aka sa rai ba. Maganin bevacizumab, mai kame VEGF, shi ya ɗan yi abin kirki: a gwajin GOG 240 ya ƙara tsawon rai daga watanni 13 zuwa kusan 17 ga matan da cutar ta ci ƙarfinsu, Amurka ta amince da shi a 2014. Wata huɗu ba wasa ba ne ga uwar da ke son ganin auren 'yarta. Ina goyon bayan wannan bincike da zuciya ɗaya, kuma ina so a ci gaba da shi, domin ya nuna mana cewa cutar na da ƙofofi da yawa, in ka rufe ɗaya ta bi ta wata.

Sai dai maganin tsada gare shi, mafi yawan matanmu ko jin sunansa ba za su yi ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mata kusan 350,000 ne cutar ta kashe a 2022, kashi 94 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Mace za ta yi watanni tana ganin jini bayan ta daina al'ada, tana ce masa ciwon sanyi, tana shan jiƙo, sai ta zo asibiti a makare.

Alhali gwajin farko mai sauƙi ne. Ma'aikaciyar jinya ta shafa ruwan binigar a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a magance shi tun bai zama sankara ba. Tun watan Oktoban 2023 kuma Najeriya ta sa rigakafin HPV cikin allurai na yau da kullum, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Iyaye, ku tambayi asibitin unguwarku ko allurar na nan, ku kai 'ya'yanku wannan makon.