Mai karatu da ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin yin ƙorafi

Wata ƙanwata a Gwammaja ta biya kuɗi ta shiga zauren WhatsApp don karanta wani littafin soyayya. Ta bi shi har ƙarshe, ta fito ranta a ɓace. Da ta faɗi ra'ayinta, sai masoyan marubuciyar suka yi mata ca, wai hassada ce. Na karanta littafin, kuma gaskiya tana wajenta.

Saurayin ɗan attajiri ne da ya dawo daga Landan, ba ya dariya. Yarinyar marainiya ce a hannun kishiyar uwa. Ya mare ta a haɗuwar farko, shafi kaɗan gaba ta kasa barci saboda tunaninsa, ba a nuna mana abin da ya juya zuciyarta ba. An ɓata babi guda wajen lissafa akwatunan lefe da sunayen turare, amma ranar da mahaifinsa ya amince da auren, layi biyu aka ba ta. Sunan ƙawar amarya ya canza a tsakiya. Da labarin ya cije, sai aka kashe muguwar a hatsarin mota. Wannan marin ya fi komai damuna, domin 'yan mata ne ke karantawa.

Ba na cikin masu raina littattafan soyayya. Tun shekarun 1980, wannan adabi da masanin adabin Hausa Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano ya sa dubban mata riƙe littafi, ya taɓo auren dole da zaman kishi. A lokacin tsadar takarda tana sa marubuci ya rage surutu. Yanzu kullum ana jiran sabon shafi a waya, dole a ja labari ko ya ƙare, kuma babu edita tsakanin mai rubutu da mai saye.

Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano, da aka kafa a 2001, tarbiyya take dubawa. Ƙona littattafan da aka yi a 2007 bai gyara jimla ko ɗaya ba. Gasar rubuta gajerun labarai ta mata, wato Hikayata ta BBC Hausa, wadda ta fara a 2016, ta nuna abin da matanmu ke iyawa idan aka ƙayyade kalmomi kuma alƙalai na jira.

Ƙungiyoyin marubuta na Kano su samar da masu duba rubutu kafin a sa masa farashi. Masu zaure kuma su daina korar wanda ya ce babi na goma bai haɗu da na uku ba.