Jakar kwana uku ba ta ciyar da gida idan jiragen ruwa suka canza hanya

Tun watan Maris na 2025 da kwamishiniyar Tarayyar Turai mai kula da shirin ko-ta-kwana, Hadja Lahbib, ta fito a bidiyo tana zazzage jakarta, tana nuna tocila da ashana da wuƙa da rediyo har da kartar wasa, maganar "tanadin awa 72", wato jakar kayan da za su riƙe mutum kwana uku idan masifa ta auku, ta zama yayi. Ko wata ɗaya ba a yi ba Donald Trump ya sanar da sabbin kuɗaɗen fito a kan kayan ƙasashen duniya, sai masu ba da shawara suka haɗe abubuwan biyu, kamar jakar ce maganin rikicin kasuwanci. Wannan haɗin gambiza shi ya dame ni.

Jakar kwana uku an yi ta ne don ambaliya da girgizar ƙasa da ɗaukewar wuta, masifun da ke zuwa da dare su wuce kafin mako. Katsewar hanyar kaya tafiyar hawainiya take yi. Jirgin Ever Given ya toshe mashigar Suez kwana shida kacal a Maris na 2021, amma tashoshin ruwa sun yi makonni suna warware cunkoson da ya bari. Hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya sun fara a ƙarshen 2023, manyan kamfanonin jiragen ruwa suka koma zagaye ƙasan Afirka, tafiya ta ƙaru da wajen kwana goma, aka shafe fiye da shekara a haka. Indiya, wadda ke fitar da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikayya a duniya, ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba a Yulin 2023, ba ta ɗage ba sai ƙarshen Satumban 2024. Wata goma sha huɗu ke nan. A irin wannan yanayi kantuna ba sa wayar gari fayau. Kaya na nan, sai dai farashi ya haura, wanda ka saba saye ya ɓace, ɗan ƙarfen da injinka ke buƙata a ce sai bayan wata uku. Tocila da karta ba su da abin da za su yi a nan.

Ɓangare na biyu na yayin ya fi ba ni haushi, domin ya fi kama da hankali: wai kowa ya noma abincinsa a bayan gida, ya kiwata kaji, ya ɗora sola, shi ke nan ya yi bankwana da kasuwa. Masu faɗar haka ba su taɓa zama da biro da takarda ba. A ce gona na ba da tan biyu na hatsi a hekta ɗaya. Wannan na nufin giram 200 a kowace murabba'in mita. Filin bayan gida mai murabba'in mita 20 zai ba ka kilo huɗu a kaka ɗaya, abincin mutum ɗaya na mako guda da 'yan kwanaki. Lambu na da amfani, amma amfaninsa ganye ne da kayan miya, abubuwan da ba sa ajiyuwa. Ƙarfin jiki daga hatsi da mai yake zuwa, kuma su fili suke ci. Ga kuma iri: wanda ya shuka irin da kamfani ya haɗa daga iyaye biyu, ya ajiye 'ya'yansa don baɗi, zai ga amfanin ya ragu kuma tsiron ya fito kowanne da kamarsa. Taki kuwa yana cikin abubuwan da suka ƙara tsada bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022.

Kaji ma haka. Kaza mai ƙwai na cin giram 110 zuwa 120 a rana, kuma ba ta fara saka ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20. Kaji goma za su lashe kusan kilo 35 na abinci a wata, abincin da aka haɗa da masara da waken suya, wato daga kasuwar da kake gudu. Sola kuma, fiye da kashi 80 cikin ɗari na harkar ƙera farantanta a Sin yake. Ranar da inbata, na'urar da ke juya wutar solar zuwa wutar gida, ta ƙone, mai gidan zai gane cewa dogaronsa da jirgin ruwa bai ragu ba, wuri kawai ya canza.

Abin da gida zai iya yi da gaske shi ne sayen lokaci, kuma lokaci lissafi ne. Hukumomin agaji na auna abinci a kan kalori 2,100 ga mutum a rana. Kwatankwacin haka shi ne giram 450 na hatsi, giram 60 na wake, giram 30 na man girki, da giram biyar na gishiri. Gida mai mutum shida, a kwana casa'in, zai buƙaci kimanin kilo 243 na hatsi, wato buhu biyar masu kilo 50, da kilo 32 na wake, da lita 18 na mai, da kilo uku na gishiri. Duka wannan zai zauna a lungu ɗaya na ɗaki. Wata uku na zaɓa domin wani tashin farashin na firgici yakan lafa a cikinsa. Indonisiya ta hana fitar da man ja a ƙarshen Afrilun 2022, ta janye bayan mako uku. Wanda ke da man wata uku a gida ko a jikinsa.

Sai dai sayen buhu shi ne mafi sauƙi. Wurin ajiya ake asara, kuma nan ne masu bidiyo ba sa tsayawa. Hatsin da laimarsa ta wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari zai yi fumfuna, wata fumfunar kuma tana fitar da gubar aflatoksin da ke cin hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Ba sai da na'ura ake gane laima ba. A samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi tafi ɗaya da busasshen gishiri cokali biyu, a rufe a girgiza, a bar shi kamar minti goma sha biyar, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Kada buhu ya taɓa siminti ko bango, a ɗora shi a kan katako, domin siminti na jawo danshi daga ƙasa kuma buhun ƙarshe shi ke fara ruɓewa ba tare da kowa ya gani ba.

Ƙwari kuwa yawanci tun daga gona suke shigowa, ƙwansu na cikin ƙwayar. Maganinsu hana su iska. Buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ana matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su shaƙe sauran iskar su mutu. Ganga ko jarka mai murfin da ke kamawa gam ita ma tana yin aikin, in dai an cika ta har baki. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe buhun kowane mako a ɗebi na girki. Duk buɗewa sabuwar iska ce. A raba ajiyar gida biyu, ƙaramin mazubi na amfanin yau da kullum, manya kuma a rufe. Ɓera ko allurar ɗinki ta huda ledar, aiki ya ɓaci. Ƙwayar maganin feshin rumbu mai fitar da iskar fosfin kuma, kada ta shiga gidan da ake kwana. Iskarta na ratsa ɗaki zuwa ɗaki, kuma ta kashe iyalai a ƙasashe da dama.

Ba kowane abinci ke jure ajiya daidai ba. Farar shinkafa da ƙwayar alkama kan yi shekaru a rufe. Shinkafar da ba a goge ba, saboda man da ke dusarta, tana canza wari a cikin wata shida. Gari ya fi ƙwaya saurin lalacewa, don haka a ajiye ƙwaya a riƙa niƙa kaɗan-kaɗan. Mai yana gudun zafi da haske. Waken da ya daɗe a wuri mai zafi da laima yakan taurare, ya ci ninkin wutar da sabo ke ci, wanda ke mayar da mu ga makamashi: abincin wata uku ba tare da abin dafa shi ba kayan kallo ne. Tukunyar gas ta biyu a cike ta fi amfani a kan jarkokin fetur, domin fetur na fara lalacewa bayan 'yan watanni, ga kuma haɗarin gobara. A rubuta ranar saye a jikin komai, a ci tsoho, sabo ya koma baya. Ajiyar da ba a cin ta ana mayarwa, ƙwari ake tara wa.

Wurin da ya fi rauni a mafi yawan gidaje ba ma ɗakin abinci ba ne. Ƙananan abubuwa ne da ba su da madadi. A Maris na 2020 Indiya ta taƙaita fitar da magunguna da sinadaransu 26, har da farasitamol. Mai hawan jini ko farfaɗiya ko asma ba zai iya canza maganinsa kamar yadda ake canza shinkafa da masara ba. Ya tattauna da likitansa a kan rubuta masa na wata biyu ko uku, ya riƙa shan na farko yana mayar da gurbi. Insulin sai da sanyin digiri biyu zuwa takwas kafin a buɗe, don haka tara shi da yawa a gidan da firij ba shi da tabbas asara ce. Bayan magani, mai gida ya zagaya ya ƙirga abin da idan ya lalace komai zai tsaya: robar famfo, fis, matatar ruwa, bel ɗin injin, madubin ido na biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masana tattalin arziki za su ce tara kaya a gida shi ke haddasa ƙaranci. Abin da ke haddasa ƙaranci shi ne mutum miliyan su ruga kanti rana ɗaya, kuma wanda ya tara sannu a hankali lokacin wadata ba ya cikin layin. Masu cewa a bar wa gwamnati kuma, su tambayi kansu me ya sa Jamus ke ce wa 'yan ƙasarta su ajiye abincin kwanaki, Suwidin ta raba wa gidaje ɗan littafin shiri a 2018 ta sake rabawa a 2024. Jamus kuwa ƙasa ce mai rumbunan gwamnati.

Na san akwai gidajen da abincin gobe ma sai an nema, kuma buhu biyar a wurinsu tatsuniya ce. Su ƙara kilo ɗaya a kan kowane cefane, ko maƙwabta uku su haɗa kuɗi su sayi buhu lokacin da amfanin gona ya shigo, su raba a jarkoki. Kilo ɗaya a mako kilo 52 ne a shekara, hatsin mutum ɗaya na kusan wata huɗu.