Ƙafata Ce Ta Kai Ni: Nasiha ga 'Yan'uwana Matasa kan Shaye-shaye

Ina da wani aboki da muka taso tare, ba zan kama sunansa ba. Wani dare ya zo wurina da kwalba biyu ta maganin tari mai kodin a aljihu, ya buɗe su a gabana ya tuttular a ƙasa, yana kuka yana rantsuwa shi da sha har abada. Na yarda da shi, kuma har gobe na yarda cewa da gaske yake a wannan daren. Kwana tara ya yi. A na goma suka sami saɓani da mahaifinsa, ya fita don ya huce, bai ankara ba sai ga shi tsaye a inda ya saba saye, a daidai lokacin da ya saba zuwa. Da na tsare shi da tambaya, sai ya ɗago ido jajur ya ce, "Wallahi ban yi niyya ba. Ƙafata ce ta kai ni."

Na ɗauka rainin hankali ne, har na yaɓa masa maganar da nake nadamarta har yau. Sai da na shafe shekaru ina bibiyar abin da masana suka gano, sannan na fahimci gaskiya tsagwaronta ya faɗa mini.

Duk gidan da wannan musiba ta shiga za ka tarar an rabu biyu. Wani ya ce iskanci ne kawai, ranar da ya ga dama zai daina. Wani ya ce a'a, cuta ce, abin ya fi ƙarfinsa. Su kansu masana haka suka rabu, kuma sun daɗe suna wannan ja-in-ja. A 1956 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince cewa jarabar giya rashin lafiya ce. A 1997 Alan Leshner, wanda ke shugabantar cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka a lokacin, ya fito fili ya kira ta cutar ƙwaƙwalwa. Suna da hujja. Hotunan ƙwaƙwalwar waɗanda suka daɗe suna sha sun nuna canji a ɓangaren da ke jin daɗi da ɓangaren da ke taka wa mutum burki. Binciken tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa yana biyo jini. Waɗanda ke komawa ruwa bayan magani kuwa sun kai kashi 40 zuwa 60 cikin 100, kusan yadda ciwo ke dawo wa masu hawan jini da masu asma. Wannan fahimta ta yi babban amfani, domin ita ta ɗauke mashayi daga hannun mai bulala ta miƙa shi ga likita.

Ɗaya ɓangaren, cikinsu har da Marc Lewis, masanin ƙwaƙwalwa wanda shi kansa ya yi shekaru yana shan ƙwaya kafin ya fita, suka ce a dakata. Ai duk abin da mutum ya maimaita sosai sai ya canza masa ƙwaƙwalwa. A shekarar 2000 an auna direbobin tasi na Landan, aka ga sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe hanya ya fi na sauran mutane girma, saboda shekarun da suka yi suna haddace tituna. Ba wanda ya ce cuta ta kama su. A wurin su Lewis, jaraba karatu ne da ƙwaƙwalwa ta yi, ta yi masa mugun riƙo.

A nan nake son ku tsaya da ni, don nan maganar abokina take. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin. Wani masani mai suna Wolfram Schultz ya gwada shi a kan birai. Da farko sinadarin yana tashi ne lokacin da ruwan 'ya'yan itace ya sauka a bakin biri. Da aka riƙa kunna wata alama kafin a ba shi, sai tashin ya koma kan alamar. Abin sha bai iso ba, amma jiki ya riga ya miƙe. To haka abin yake ga ɗan'adam. Lungun da aka saba bi, sa'ar da aka saba fita, warin wurin, sunan wani aboki da ya fito a waya, kuɗin da suka shigo hannu, baƙin cikin da aka saba kashewa da kwalba, kowanne ya zama ƙararrawa. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. Dabbar da ta daɗe a turke, ko ka kwance mata igiya, magariba na yi za ka same ta tsaye a wurin.

Wasu masana biyu a Jami'ar Michigan, Terry Robinson da Kent Berridge, sun ƙara gano wani abu a 1993 wanda kowane mashayi ya san shi a jikinsa: marmarin abu daban, jin daɗinsa daban, kowanne da hanyarsa a ƙwaƙwalwa. Yayin da aka daɗe ana sha, marmarin yana ƙaruwa, daɗin yana raguwa. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa, "Ni fa yanzu ko daɗinta ba na ji, don dai in iya tashi nake sha." Ba ƙarya yake ba.

Sai labarin da ya fi girgiza ni. A yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da aka bincika sun kamu da jarabar hiroyin ko dangoginta. Hukumomi suka tsorata, suna jiran a dawo musu da rundunar 'yan ƙwaya. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sahun waɗanda suka koma gida a 1971. A shekarar farko kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake faɗawa, a cikin shekara uku kuma kusan kashi 12. Ƙwayar da ake cewa in ta kama ba ta saki, ga ta ta saki mafi yawansu. Me ya canza? Fargabar mutuwa ta kau, kaɗaici ya kau, mai sayarwa da abokan sha da wurin sha duk an baro su a wata nahiya.

Ni dai ga inda na tsaya. Abin da koyo yake farawa, amma yana iya yin zurfin da zai raunata jiki da hankali har sai an haɗa da likita. Sunan da ka ba shi bai dame ni ba kamar abin da kake yi da sunan. Na ga wanda ya riƙe kalmar cuta ta zama masa matashin kai, da an yi magana ya ce ai ba yin kansa ba ne. Na kuma ga iyayen da suka riƙe kalmar hali, suka ce hali zanen dutse, suka sallama ɗansu tun yana da sauran numfashi. Duk biyun asara ce. Mai ciwon sukari bai zaɓi ciwonsa ba, amma shan magani da kiyaye doka suna wuyansa. Wanda ya koyi abu kuma zai iya koyon wani a kansa. A farkon shekarun 1990, a Jami'ar Vermont, Stephen Higgins ya riƙa ba masu shan hodar ibilis ɗan tukwici duk lokacin da gwajin fitsarinsu ya fito tsaf, kuma da yawa suka daure fiye da waɗanda ba a ba su ba. Ashe zaɓi bai mutu a cikinsu ba, rauni ya yi, yana neman abin dogarawa.

Ƙanena da ba ka fara ba, kai zan fi taƙaita wa. Sashen gaban ƙwaƙwalwarka, mai auna abin da zai je ya dawo, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara da wuri ya fi saurin kamuwa. Duk wanda ka gani a kwance yau, da "sau ɗaya kawai" ya fara, ya bi da "ni nake juya ta, ba ita ke juya ni ba." Idan a danginku akwai wanda ta taɓa kayarwa, ka ninka tsoronka.

Kai kuma ɗan'uwana da ka riga ka shiga, ke ma 'yar'uwata da kike sha a ɓoye kina tsoron a sani, ku saurare ni da kyau.

Kada ka yi wa jikinka jarumtar banza. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, ko ƙwayoyin sa barci irin su dayazafam, idan ya yanke lokaci guda zai iya kamuwa da jijjiga kamar farfaɗiya, da rikicewar hankali da gane-gane, a cikin sa'o'i ko kwanakin da suka biyo bayan shan ƙarshe, kuma ana mutuwa a haka. Wannan aikin likita ne, shi zai sauke ka a hankali. Masu kodin da tiramadol da hiroyin kuwa, ciwon gaɓoɓi, zawo, gumi, hamma, majina da rashin barci ne ke maida su tun a kwanakin farko. Akwai magunguna don wannan, metadon da bufurenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, kuma suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga wanda ya tsaya a kansu. Kada wani ya kunyata ka da cewa ka bar ƙwaya ka koma ƙwaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka gaya wa likita me kake sha, nawa, tun yaushe. In akwai baƙin ciki mai nauyi ko fargaba ko wani tabo na yarinta da kake binnewa da sha, shi ma ka faɗa, domin in ba a taɓa shi ba zai sake aiko ka.

Amma wanke jiki somin-taɓi ne. Mutane da yawa suna fitowa daga asibiti jini tsaf, su koma ɗaki ɗaya, lungu ɗaya, abokai ɗaya, lambobin waya ɗaya, sannan a yi mamakin sun koma. Ba za a ɗauke ka a jirgi kamar sojojin can ba, sai dai ka ƙirƙiri taka hijirar. Ɗauki takarda ka rubuta sau biyar na ƙarshe da ka sha: ƙarfe nawa, a ina, da wa, me ya faru kafin nan, me kake ji a zuciya. Za ka sha mamakin yadda amsoshin za su yi kama da juna. Waɗannan su ne turakunka. Goge lambar. Canza hanya ko da ta fi nisa. Ranar da kuɗi za su shigo, bari wani amintacce ya riƙe maka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma raba gari da abokin sha yana da ciwo ƙwarai, ban raina wannan ba, domin sau da yawa shi kaɗai ne bai guje ka ba. Saboda haka dole a cike gurbinsa da wasu mutanen, a cike sa'ar nan da wani aiki mai gajiyar da jiki ko mai cinye hankali. Sirrin ƙungiyar Alcoholics Anonymous ke nan, ta mashaya masu taimakon juna su bar giya, wadda mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka fara a garin Akron na Amurka a 1935: mutum ya sami waɗanda suka san ciwon daga ciki, da wanda zai kira kafin ya sha.

Idan marmarin ya taso, ka sani ba ya dawwama. Yana hawa, ya kai maƙura, ya sauko, sau da yawa kafin rabin sa'a. Tashi daga inda kake, yi alwala, fita ka taka, kira wani. Duk lokacin da ƙararrawa ta kaɗa ba a amsa ba, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar sabon darasi, ko da yake tsohon ba ya gogewa gaba ɗaya. Shi ya sa wanda ya shekara biyar da bari ba ya wasa da gwaji.

In kuma ka zame, kada ka ce tunda an jiƙe bari a yi wanka. Wannan tunanin ya fi zamewar kanta ɓarna. Ga gargaɗin da nake roƙon kada ka manta: jikin da ya huta ya rasa jurewar da ya saba da ita. Adadin da kake sha a da kana tafiya da ƙafarka, yau zai iya tsayar maka da numfashi. Wannan ne dalilin da ya sa makonni biyu na farko bayan fitowa daga gidan yari suke cikin mafi haɗarin lokuta ga masu irin wannan jaraba.

Iyaye da yayye, ku ma ina da roƙo. Duka da ɗauri da kullewa a ɗaki suna raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci, ba sa koya masa komai sai iya ɓoyewa, kuma kunya da ƙasƙanci su ne abincin jaraba. Ku dubi yadda aka hana giya a Musulunci: a hankali, mataki bayan mataki, kafin hani na ƙarshe a Suratul Ma'ida. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa barin giya ba. An kuma sha kawo wani mutum gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda sha, har wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku hana shi kuɗin saye, ku ƙi rufa masa ƙarya, amma ku raka shi asibiti, ku bar masa wurin zama a cikinku.

Abokin nan nawa sai a yunƙuri na huɗu ya tsaya, bayan ya ga likita, ya canza layin waya, ya kama koyon gyaran lantarki a wurin da ba a tashi sai dare. Ya ce mini har yanzu idan ransa ya ɓaci da yamma, yakan ji tafin ƙafarsa yana ƙaiƙayi. A irin wannan ranar yakan kira ni, mu yi ta hirar da ba ta da kai ba ta da gindi, har sai na ji muryarsa ta sauka, sannan ya ce, "To, ya wuce. Sai da safe."