Likitan awon ciki da fargabar caji ofis

Akwai wata ƙanwata da ta fara zuwa awo tana wata bakwai, ranar da aka auna ta kuwa jininta ya hau sosai, ƙafafunta sun kumbura. Likitar da ta duba ta ta ce a kwantar da ita nan take domin gudun jijjiga, maigidanta ya ce sai ya yi shawara da manya, suka koma gida. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda likitar ta miƙa masa biro tana roƙo: "Malam, don Allah ka sa hannu a nan cewa na yi maka bayani kuma ka ƙi." Hannunta na rawa. Daga baya na fahimci cewa tana tunanin ranar da za a zo da 'yan sanda ne, idan abin ya ƙare ba yadda ake so ba.

Ra'ayina shi ne likita ko ungozomar da ta bi ƙa'idar aiki ta cancanci kariyar doka daga kamu da tsarewa saboda kawai sakamako bai yi daɗi ba. Ciki abu ne mai juyewa cikin sa'a guda, mabiyiya takan rabu da mahaifa ba zato, jini ya ɓalle wa matar da jiya aka sallame ta lafiya ƙalau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma akasarinsu jinkirin zuwa asibiti da rashin jini da ƙarancin ma'aikata ne suka kai su kabari. Ƙasar da ke cikin wannan hali, wadda likitocinta ke ta tattara komatsansu zuwa Ingila da Saudiyya, bai kamata ta ƙara tsorata 'yan kaɗan da suka rage ba.

Japan ta ɗanɗana wannan. A 2004 wata mata ta rasu a wajen tiyatar haihuwa a asibitin Ono da ke lardin Fukushima, mabiyiya ta manne wa mahaifa, jini ya ƙi tsayawa. A 2006 'yan sanda suka kama likitan, kotu kuma ta wanke shi a 2008, sai dai kafin nan likitocin ƙasar sun tsorata da harkar haihuwa matuƙa. A 2009 suka fara wani tsari na biyan diyya ga iyalan jaririn da ya samu mummunar naƙasar ƙwaƙwalwa wajen haihuwa ba tare da sai an tabbatar da laifin kowa a kotu ba, sannan a binciki musabbabin abin daban domin a gyara.

Mu ma ba mu rasa makama ba. Majalisar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke da ikon dakatar da likita ko soke lasisinsa, kuma a 2001 Kotun Ƙoli ta wanke Dakta Okonkwo, wanda majinyaciyarsa ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta har ta rasu, tana mai cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Abin da nake so doka ta fayyace shi ne duk ƙorafin da ya shafi awo ko haihuwa ya fara biyowa ta hannun masana kafin a buɗe fayil a caji ofis, domin ɗan sanda ba zai iya bambance zubar jinin da ba ta da makawa da wadda sakaci ya jawo ba. Haka kuma kundin dokokin hukunta laifuka na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya halatta raba mace da cikin da ke barazana ga ranta, amma likitoci da yawa suna jan ƙafa har lokaci ya ƙure saboda ba su da tabbacin yadda za a fassara aikinsu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja: a wurinmu mara lafiya ne ya fi rashin gata, yawancin iyalai ƙaddara suke cewa su bar wa Allah ko da ganganci ya fito fili. Shi ya sa kariyar da nake nufi take da sharaɗi. Likitan da bai auna jinin mai ciki ba, bai rubuta komai a katin awo ba, ko ya bar mai naƙuda ya tafi asibitinsa na kuɗi, ko ya ƙi taɓa ta sai an biya alhali dokar lafiya ta 2014 ta hana ƙin kulawar gaggawa, wannan ba shi da rabo a cikinta. Diyyar kuskuren da aka yi a asibitin gwamnati kuwa, gwamnatin da ta bar likita ɗaya da mata ɗari a layin awo ita ya kamata ta biya.

Ƙanwar tawa an dawo da ita bayan kwana huɗu tana jijjiga, aka yi mata tiyata cikin dare. Ta rayu, jaririn bai zo da rai ba, takardar nan da maigidanta ya sa wa hannu kuma tana nan cikin fayil ɗinta.