Tirelar jirgi ta kusa ja min asara a kan A12

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Shekara biyu ina tara kuɗi a nan Ingila na sayi ɗan jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin wanda ake kira Squib, tsawonsa bai kai mita 6 ba amma akwai wani ƙaton ƙarfe a ƙasansa wanda ke hana shi kifewa, shi ya sa nauyinsa ya kai kilo 680. To sai maganar tirelar da zan ja shi da mota.

Na je wajen wani mai sayar da na hannu, na gaya masa sunan jirgin da nauyinsa, ban ɓoye komai ba, ya nuna min wata tirela marar birki ya ce ai 750 take ɗauka, jirginka 680 ne, har da rara. Ashe wannan 750 ɗin har da nauyin tirelar kanta ake lissafawa! Dokar ƙasar nan ita ce duk tirelar da ta wuce kilo 750 ita da kayanta dole ta kasance da birki, kuma mutumin da sana'arsa kenan ba zai ce bai sani ba. Tirelar kaɗai ta haura 200, ga sandar jirgin ga igiyoyi ga anka, kun ga an wuce tun tuni.

Ban ankara ba sai a kan hanyar A12, ko gudun mil 50 a awa ban kai ba tirela ta fara rawa tana jan bayan motar hagu da dama, na taka birki na ji kamar ana tura ni daga baya, ɗana yana kujerar baya fa. Da ƙyar na samu gefe na tsaya, sai ga hayaƙi daga tayar hagu, na kai hannu kusa da ita zafi kamar murhu. Bakanike ya buɗe boris ɗin, babu giris ko ɗigo, tsatsa ce kawai ja wur, ruwan gishiri ya cinye shi don an sha tura tirelar cikin teku ba a wanke ba. Wannan ita ce wadda aka ce min an yi mata sabis.

Abin da ya fi ƙona min rai ma, wurin da ƙarfen ƙasan jirgin zai zauna bai dace da shi ba, nauyin da ya kamata ya sauka a kan ƙarfen sai ya koma kan sandunan gefe, yanzu ga ɗan tsagu a jikin jirgin.

Na kira wanda ya sayar min da tirelar ya ce ai an riga an sayar, kuma wai ni ya kamata in duba lambar nauyin da ke jikin tirelar. Eh na yarda ban duba ba, amma na tambaye ka baki da baki, da me amana take? Kuɗin motar da ta ɗauko mu daban, kuɗin gyara daban. Gobe da safe zan kai masa kayarsa har ƙofar shago, kuma duk saƙonnin da muka yi suna nan a wayata.